Daren da na kwana ina farautar taurari a Birnin Kudu

Tun ina yaro nake jin labarin Kaza da 'ya'yanta a bakin kakata, amma a Kano hasken janareto da fitilun titi sun shafe su daga samaniya. Shi ya sa a ƙarshen watan Oktoba na ɗauki kyamarata na nufi Birnin Kudu ta Jihar Jigawa. Ba da ka na zaɓi lokacin ba. Damina ta wanke sama, hazon hunturu bai iso ba, kuma wata ya kai 28, babu farin wata da zai dushe taurari.

Da rana na ziyarci Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka zana hotunan shanu a jikin dutse. Baturen nan Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Burina shi ne in haɗa duwatsun yankin da taurari a hoto guda, don haka da la'asar na wuce wani ƙauye da ke bayan gari.

Sai da na fara gaida mai unguwa. A Arewar yau, baƙon da ya kafa ƙarfe mai ƙafa uku a bakin daji da tsakar dare yana wasa da ransa ne. Ya jujjuya kyamarar a hannunsa, sannan ya haɗa ni da 'yan sintiri biyu da wani dattijo manomi.

Aikin kansa haƙuri ne kawai. A kashe tocila, a bar ido ya saba da duhu na kusan rabin sa'a. A kafa kyamara kada ta motsa, a buɗe idonta na daƙiƙa ashirin ta yi ta shan haske. In aka zarce da yawa, taurarin sai su koma zare-zare, domin duniya ba ta tsaya jiran kowa ba, tana juya digiri 15 kowace sa'a. Hotuna goman farko duk sun lalace: wani iska ta girgiza shi, wani kuma ɗan sintiri ya haska waya.

Bayan sallar isha'i Kaza ta ɗago daga gabas. Na ɗauka, na nuna wa dattijon. Ido yana ƙirga 'ya'ya shida ko bakwai, kyamara kuwa ta fito da gomomi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe ta ƙyanƙyashe da yawa haka?" Ya shiga ba ni labarin yadda ubansa yake lura da ɓacewarta a yamma, ya san shuka ta matso.

Can ya tambaye ni abin da ya hana ni yin wannan aiki a Kano. Na ce, "Baba, duhunku na zo nema." Ya yi dariya, amma ba ta jin daɗi ba. "Ɗan nan, mu kuwa wuta muke nema. A wannan duhun jikata ta haihu da hasken tocila."

Kunya ta rufe ni. Mu masu wannan sha'awa mun iya kukan gurɓacewar sama da haske, alhali da gari ya waye gidajenmu masu lantarki muke komawa. Ƙauyen nan ya cancanci wuta, kuma ba taurari ba ne za su hana. Roƙona ga masu kafa fitilun sola bai wuce su sa musu hula su fuskantar da su ƙasa ba, inda ake tafiya, maimakon su watsa hasken sama a banza.

Wajen ƙarfe ɗaya sanyi ya fara shiga ƙashi, muka naɗe kaya. Dattijon ya ce in wanko masa hoton a takarda, don ba shi da wayar da zan tura masa. Mako mai zuwa zan kai.