Daga Kaduna Zuwa Bauchi, a Sawun Ɗan Majalisa Abubakar

Kowa ya san Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin Firayim Minista, ga hotonsa nan a jikin naira biyar. Wanda na fita nema shi ne Malam Abubakar ɗan majalisa, malamin makarantar da En'e ta Bauchi ta tura Kaduna ya wakilce ta a Majalisar Wakilai ta Arewa, wadda aka kafa a ƙarƙashin tsarin mulkin Richards, ta fara zama a 1947. Shi ya sa na fara da Kaduna.

Na tsaya a bakin Lugard Hall da hantsi, ginin nan mai ƙubba da ya zama mazaunin majalisar Arewa, yau kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke zama a ciki. Motoci masu baƙin gilashi na shiga suna fita, mutane na jiran onorabul ɗinsu a inuwa, kowa da takarda a hannu, wani ta asibiti, wani ta neman aiki. Majalisar da Malam Abubakar ya shiga ba haka take ba. Ba talakawa suka zaɓe ta da ƙuri'a ba, ba ta da ikon yin doka sai ba da shawara, Bature ne ke shugabantar zamanta, kuma akasarin 'yan ƙasa da ke ciki ma'aikatan En'e ne. Sarakuna suna da tasu majalisar daban.

A irin wannan majalisa ce, cikin watan Agustan 1950, ya miƙe ya kawo ƙudurin da ya sa na yi wannan tafiya. Ya nemi a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin mulkin En'e gaba ɗaya. Ya yi maganar cin hanci da gaisuwar da ake tatsa daga talaka, ya yi maganar ikon da aka tattara a hannun sarki shi kaɗai, ya ce ana mulkin jama'a ba tare da an ji ta bakinsu ba. Ka tuna, En'e ce ta turo shi, a harkar iliminta yake aiki, in ya koma gida kuma a gaban Sarkin Bauchi zai faɗi gaisuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowane mai ɗaki ke iya faɗa a gaban jama'a ba. Ƙudurin ya ɓata wa sarakuna da dama rai, duk da haka ya wuce. Aka yi binciken, aka fara ɗaure sarki da shawarar majalisarsa, har aka kai ga Dokar En'e ta 1954.

Washegari na shiga motar haya ta Jos. Muka bi ta Pambeguwa da Saminaka, inda buhunan masara ke jibge a bakin titi, muka haura duwatsun Filato sanyi na shigowa ta taga. A Jos na sake mota, muka gangara ta Tilden Fulani da Nabordo, muka shiga Bauchi bayan la'asar.

Malam Abubakar ba ɗan cikin birni ba ne. An haife shi a 1912 a yankin Tafawa Ɓalewa, kudu da Bauchi in ka bi ta Dass. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, a ƙarƙashin hakimin Lere yake hidima, ba jinin sarauta ba ne. Yaron ya yi makarantar allo, ya yi elementare, ya zo Bauchi, sannan a 1928 ya tafi Kwalejin Katsina. A 1933 ya dawo ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi, a wannan tsakanin kuma ya rubuta littafin Shaihu Umar. Shekara goma da 'yan kai yana riƙe da alli kafin ya tafi Landan a 1945 ƙaro ilimin koyarwa. Ina ganin nan ne asalin abin. Malamin da ya daɗe a aji ya san ɗan wa ke zuwa da ƙafa ba takalmi, ya san ƙauyen da aka kwashe wa hatsi da sunan haraji. Kuma Bauchin lokacin ba ta barci. A nan Sa'adu Zungur yake, a nan Malam Aminu Kano ya koyar, a nan suka riƙa zaman tattaunawa tun 1943, wanda bai daɗe ba aka rufe shi da tambayoyi suka fara taɓa fada.

Da safe na je kabarinsa, wanda aka buɗe wa masu ziyara a 1979. Ana shiga ta wani dogon lungu mai duhu, kana hawa a hankali, hannunka na laluben bango. Mai yi mana jagora ya ce duhun na nufin zamanin mulkin mallaka, ɗan hasken da ke ratsowa kuma fafutukar neman 'yanci. Sai ka ɓullo wani fili da ba rufi, dogayen bangaye masu launi-launi sun kewaye shi, kabarin na tsakiya, ba ado, ba ƙyale-ƙyale. Muka ɗaga hannu muka yi masa addu'a. Wani dattijo da ke kusa da ni ya daɗe bai sauke nasa ba.

Akwai ɗalibai da malaminsu ya kawo. Na ji ana lissafa musu muƙamai: Ministan Ayyuka a 1952, Ministan Sufuri bayan haka, Firayim Minista a 1957, sannan daren 15 ga Janairun 1966 da sojoji suka ɗauke shi a Legas, aka tsinci gawarsa bayan kwanaki a bakin hanya. Duk gaskiya ne. Amma na so a ce an tsaya an ba yaran labarin 1950, domin a cikinsu akwai waɗanda gobe za su nemi kujerar majalisar jiha, kuma abin da suka taso suna gani shi ne 'yan majalisa sun zama 'yan amshin Shata, gwamna ya aiko da kasafin kuɗi a sa hannu cikin 'yan kwanaki.

Ba na cewa Malam Abubakar ya ƙarasa abin da ya faro. Gyaran ya tsaya a rabin hanya. Kotunan alƙalai da 'yan doka sun ci gaba da zama a hannun En'e, kuma 'yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a shekarun da jam'iyyarsa ta NPC ke mulki, shi yana Legas. Tsofaffin 'yan sawaba har yau ba su manta ba, kuma suna da hujja. Sai bayan rasuwarsa gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan sanda da gidajen yari daga En'e, a 1976 kuma aka kawo tsarin ƙananan hukumomi a ƙasa baki ɗaya.

Da na fito, na tambayi wani mai Keke Napep tashar motocin Dass, don in ga garin da Malam Abubakar ya yi elementare kafin in juya. Ya ce in hanzarta, in rana ta yi tsaka fasinja kan yi wuya, mota sai ta daɗe ba ta cika ba.