Mai barin tramol majinyaci ne

A shekarun da na yi ina koyarwa na zauna da iyaye da dama waɗanda ƴaƴansu suka faɗa shan tramol. Kusan dukkansu bakinsu ɗaya: a kulle shi a ɗaki, ko a sa masa mari, har ƙwayar ta fita daga jininsa. In ka ce a kai shi asibiti a kwantar da shi, sai uban ya ce: "Malam, ai can ma ƙwaya za su ba shi." Haka ne, za su ba shi, kuma ni ina goyon baya.

Tramol dangin morfin ne. Likita ba ya wuce miligiram 400 a rana ga babban mutum, amma wanda ake sayarwa a ɓoye akwai mai 225 ƙwaya guda, yaro kuma ya haɗiye 4 ko 5 a zama ɗaya a fada. Jikin da ya saba da haka, in aka yanke masa farat ɗaya, kafin kwana guda sai hamma da hawaye da majina da zufa, sannan zawo da amai da ciwon gaɓoɓi. Abin yakan tsananta a kwana na 2 zuwa na 3, ya lafa cikin mako guda ko kwana 10. Wasu har da firgita da ganin abin da babu, mutanen gida su ce iskoki ne.

A gadon asibiti kowane ciwo da maganinsa: farasitamol ga gaɓoɓi, loferamid ga zawo, ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa ga wanda amai ya busar. Akwai kulonidin, asalinsa maganin hawan jini, yana kwantar da zufa da bugun zuciya, amma yana iya saukar da jini ƙwarai, shi ya sa ake ta awo.

Waɗanda iyaye ke ƙyama su ne metadon da bufurenofin, don dangin tramol ɗin ne. Sai dai suna daɗewa a jiki, likita ke auna su, yana ragewa kaɗan kaɗan, kamar yaye. Bufurenofin ma da ƙa'idarsa: sai ciwon bari ya fara bayyana, in aka yi gaggawa sai ya tayar da ciwon da ake gudu. Ba abin da mai tallan magani a kan tire zai iya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, a Dakar kuma an buɗe cibiya a 2014 da ke ba da metadon.

Ranar sallama ta fi tsorata ni. Yaron ya yi haske, yana cin tuwo, gida ana hamdala. Amma jikinsa ya saki sabo, in ya koma ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa, ko ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Kada a bar asibiti sai da ranar dawowa a rubuce. Mu kuma malamai mu riƙe masa wurin zamansa a aji. Ni nakan sa shi a bencin gaba, kusa da tebur ɗina.