Baƙon da ya duƙa a gaban kututture

A shekarun da na yi ina koyarwa a Maraɗi, idan an tashi daga lakwal nakan karɓi wani ɗan aiki na maraice, wato koya wa samari da ƴanmatan mishan harshen Hausa. Sukan zo ne daga Amurka ko Ingila ko Koriya, da littafin rubutu sabo fil da zuciya cike da niyyar taimako, su zauna a tabarmar zaurena suna share zufa. Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Mako uku da saukarta ta tambaye ni, cikin damuwa ta gaske, don me mutanen gidan da take zaune suke cin miyar baƙin ciki kullum. An gaya mata miyar kuka ce, ita kuwa kukan da ta sani a ƙamus ɗinta shi ne na hawaye. Na yi dariya har na ji kunya, sa'an nan na kai ta bakin titi na nuna mata itaciyar.

Na lura ba zafin watan Afrilu ke karya irin waɗannan baƙi ba, ba kuma ƙurar hunturu ko zazzaɓin sauro ba, ko da yake kowanne yana taɓa su. Abin da ke karya su shi ne mutum ya ƙetaro teku domin ya ba da wani abu, sai ya tarar shi ne abin tausayi. Yaro ɗan shekara biyar ya fi shi iya magana. Bai san gaisuwa tana da tsawo ba, yana shiga zance kafin a tambayi gajiya da iyali. An ce masa "sai gobe", ya rubuta a littafinsa kamar alkawari. Idan na ga ɗayansu ya fara yin shiru, ya daina tambaya, nakan rufe littafin nahawu in ba shi labarin wani da ya riga shi zuwa garin nan. Ban taɓa zama da mutumin ba, amma aikinsa ya shiga gonar mahaifina, kuma ina da laifi a cikin labarin.

Sunansa Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda aka haifa a 1957. Ya karanta aikin gona, ya sauka Nijar a 1981 tare da matarsa a ƙarƙashin ƙungiyar SIM, wadda ta daɗe a ƙasar nan, tun da ta kafa sansani a Damagaram a 1924, kuma ita ce ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Shekarunsa ba su kai 25 ba. Ƙasar da ya tarar a kewayen Maraɗi ta zama fili fetal. Noman gyaɗa da garmar shanu sun koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka tumɓuke mata kowane kututture, farin shekarun 1970 kuma ya ƙarasa abin da gatari ya bari. Sai saurayin ya yi abin da aka koya masa: ya raini ƴaƴan itatuwa a leda, ya loda su a mota, ya kai ƙauyuka ana dasawa. Awaki suka ci wasu, gara ta ci wasu, iska da rairayi suka binne saura. Mutane kuwa, waɗanda yake zaton don su yake wahala, ba su damu ba, domin mai tunanin abin da zai ci gobe ba ya ɗaukar ruwan rijiya mai gaba ashirin ya zuba wa dogon yaro. Fiye da shekara biyu yana wannan, har ya kai ga tunanin zuwansa banza ne.

A 1983, yana kan hanyar wani ƙauye da tirela cike da dashe, ya tsaya ya rage iskar tayoyi saboda rairayi. Shi da kansa ya sha faɗin cewa a wurin ya yi addu'ar wanda dabara ta ƙare masa. Da ya ɗaga kai sai ya ga ɗaya daga cikin ƴan tsirran nan da ke barbaje a kowace gona, waɗanda muke sarewa kowace bazara mu ƙone. Ya matsa, ya duƙa, ya dubi ganyen, ya gane ashe itace ne: kututturen da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, tana turo tofo kowace shekara. Ke nan ba a bukatar leda ko ban ruwa. A zaɓi tofo mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran, a rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, a bar saiwar da ta riga ta kai ga danshi ta yi aikinta. Wannan ne aka zo ana kira sassaben zamani.

Ƴan manoma kaɗan suka yarda su gwada, aka yi ta yi musu dariya, shi kuma aka raɗa masa sunan mahaukacin nasara. Sai ga 1984. Shekarar da shugaba Seyni Kountché ya tara taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada ita ce shekarar da damina ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, shi ya sa har yau tsofaffinmu ke kiran yunwar nan El Buhari. Ina da shekara 12. Ma'aikatan mishan, Hausawa ƴan uwanmu, suka zo ƙauyenmu da ke arewa da Maraɗi da sharaɗi: za a ba da hatsi, amma kowane mai gona ya bar tofo ya tashi a gonarsa. Limaminmu ya yi jim, don ana ta raɗe-raɗin cewa a ƙasan buhun akwai addini. Daga baya ya ce a karɓa, yunwa ba ta jiran fatawa. Gaskiya ita ce mutumin don addininsa ya zo, bai taɓa ɓoyewa ba, mu ma muka tsaya a kan namu, kuma ban san wanda aka hana mudu a ƙauyenmu don ya ƙi sauraron wa'azi ba.

Baba ya bar kalgo da sabara da ƴan gawo a gonarmu ta gabas. Da ruwa ya dawo, rabon hatsi ya ƙare, wata safiya ya miƙo mini gatari ya ce, "Tashi mu je mu share ƙazantar nan." Inna ta biyo mu har ƙofar gida tana cewa, "Malam, ko don itacen girki a bar min kaɗan," domin a lokacin karan hatsi da kashin shanu take hurawa, in kuwa itace take so sai ta yi tafiyar rabin yini. Bai juyo ba. Ni na sare su, da ƙwazon yaron da ke son a yaba masa, kuma ina tuna yadda ɗanyen kalgo ke ba gatari wuya. Yawancin manoman da suka shiga shirin haka suka yi.

Na daɗe ina ganin wauta ce, sai da na girma na fahimci Baba. A idon maƙwabta, gona mai tsirrai gonar malalaci ce. Ana tsoron inuwa ta danne hatsi, rassa su tara tsuntsaye. Babban dalili kuma shi ne doka: a wancan zamani itace na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka ya fito, kana iya renonsa shekara biyar a ci ka tara ranar da ka sare reshe. Wa zai yi kiwon abin da ba nasa ba? Baƙon ma sai da ya koyi wannan, ya gane matsalar ba ta tsaya ga ƙasa da ruwa ba, ya shiga neman ma'aikatan gandun daji su sassauta. Da bai iya Hausa ba, da bai zauna ya ji abin da manoma ke faɗi bayan an gama gaisuwa ba, da bai taɓa jin wannan dalili ba. Dokar gandun daji ta sake a 2004, kuma sai a 2020 aka fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena.

Baffana, ƙanen Baba, mutum mai taurin kai, shi ya ƙi sarewa. Bayan ƴan shekaru iskar farkon damina ta riƙa binne mana shuka har mu sake biyu ko uku, tasa kuwa tana tsaye a bayan kalgo. Matarsa ta fara sayar da itace a kasuwa. Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, amma wata bazara na ga ya kewaye wani tofon gawo da addarsa ya wuce.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999. Da masu bincike suka duba hotunan tauraron ɗan Adam a shekarun 2000, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 sun farfaɗo a kudancin ƙasar, kuma a 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Ina jin haushi idan na ji ana ba da labarin kamar mutum ɗaya ne ya shuka wannan duka. Manoman Mirya da Magarya da Matamai sun rena gawonsu ba tare da wani shiri ya zo musu ba, kuma kakanninmu sun san tofo tun kafin garma. Abin da nake ba shi shi ne ya yarda cewa abin da ya ɗauko a mota ba shi ne maganin ba.

Yarinyar nan ta miyar kuka ta yi shekara huɗu tana aikin jinya kafin ta koma gida. Kafin tafiyarta na kai ta ƙauyenmu, Inna ta dama mata fura, muka zaga gonar gabas. Ta tambaye ni wanne ne daga cikin itatuwan na 1984, na ce babu ko ɗaya, na nuna mata wani kalgo mai kauri da ya sake fitowa daga kututturen da na sare.