Kafin a ɗaga katanga, a duba wanda ke riƙe da alli

Yau ba labarin farashin hatsi ko na hanya na zo da shi ba. Maganar lakwal ce, kuma sai na fara da tona asirin kaina kafin in taɓa kowa.

Ni mushe ne. Na fara riƙe alli a wata ƙaramar makarantar ikilisiya a ƙasar Tasawa, daga baya na koma wata a ɓangaren Mayahi. Ranar da aka ɗauke ni aiki, takardar BEPC kawai gare ni. Ban taɓa taka makarantar horar da malamai ba. Dattawan ikilisiya sun san mahaifina, sun san ba na shaye-shaye, sun ji ina karanta Faransanci ba gargada. Shi ke nan, aka miƙo mini alli da rajista, aka nuna mini ajin zana mai yara fiye da sittin, aka ce Allah Ya taimaka.

Yadda aka koya mini, haka na koyar. In rubuta a babban allo, in faɗa, su maimaita. Wanda ya kasa, ya sha tsumagiya. Ajina ya fi kowane aji ƙara, wanda ke wucewa a hanya sai ya ce lalle yaran nan na karatu. Ni ma haka na ɗauka.

Shekara ta uku, wani maƙwabcinmu mai sayar da shayi, Musulmi, wanda ke biyan kuɗin ɗiyarsa da ƙyar, ya tare ni da yamma. Ya ciro wata takarda da aka ba shi a likita, ya ce: "Mushe, na ba ɗiyar taka ta karanta mini, ta tsaya tana kallona. Shekara uku ke nan fa." Na ce ai rubutun likita ne, ko babba na shan wuya da shi. Washegari na kira yarinyar, na buɗe littafinmu a shafin da muka yi, ta zuba shi kamar ruwa. Sai na rubuta kalma guda daga cikin shafin a bayan allonta, na ce karanta. Shiru. Ashe hadda ce. Ta haddace shafi da hoton da ke kansa, baƙi ko ɗaya ba ta iya haɗawa da wasali. Na gwada wasu goma, biyu kaɗai suka fita. Daren nan ban yi barcin kirki ba, don mutumin nan ya ba ni amanar ɗiyarsa da kuɗin guminsa.

Na san wasu za su ce, to mu me ya shafe mu da makarantun Kirista? Ya shafe mu, don a duk ajin da na riƙe, yaran Musulmi sun fi na Kirista yawa nesa ba kusa ba. Tsarin karatun gwamnati muke bi, daga CI har CM2, kuma masu duba makarantu na gwamnati ne ke zuwa duba mu. Yaron da ya fita hannunmu bai iya karatu ba, kolejin garinmu zai shiga, kasuwar garinmu zai zauna. Asarar ta gari ce gaba ɗaya.

Wannan ƙarancin ƙwararrun malamai yana da tushe. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, kafin ƙarshen shekarun 1920 ya kafa a Tsibiri kusa da Maradi. Sun yi aikin lafiya da kowa ya shaida: asibitin Galmi tun 1950, da na kutare a Danja. Sun buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Agye, nan kan hanyarmu ta zuwa Maradi. Amma ƙarfinsu ya fi tafiya ga koya wa mutane karatu da Hausa don su karanta Littafi, alhali Turawan mulki na Faransa sun ce lakwal sai da Faransanci. Da ikilisiyar EERN ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960, ta gaji masu wa'azi da ma'aikatan jinya, amma masu takardar koyarwa ba su da yawa. 'Yan Katolika sun riga mu nisa a harkar makarantu, kuma tun 2001 suna da dayosis nasu a Maradi, wanda Bishop Ambroise Ouédraogo ya fara jagoranta. Mu na ƙauyuka, har gobe wanda aka samu shi ake sawa a aji.

Kuma ciwon bai tsaya kanmu ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 da gwamnati ta fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda suka zama malaman kwantaragi, dubban matasa sun shiga aji ba tare da cikakken horo ba. A 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, aka yi wa malaman kwantaragi gwaji, ƙungiyoyin malamai suka yi ta ƙorafi, sakamako ya fito kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cikin yaran Nijar da ke ƙare firamare, waɗanda suka kai matakin karatun da ake so ba su kai 10 cikin 100 ba. Ɗiyar mai shayi tana da 'yan uwa a ko'ina.

Abin da ya juya ni shi ne wani taron malaman makarantun Kirista da aka kira a Maradi lokacin babban hutu. Na so in ƙi zuwa, don lokacin maimai ne, gonata na jira. Direktanmu ya ce: "Kai dai tafi, ko shinkafar ka ci." Muka kwana biyar, muna barci kan tabarmi a cikin azuzuwa, malamai daga Maradi da Damagaram da Tawa. Na zaci wa'azi za mu sha daga safe har dare. Addu'a dai an yi ta kowace safiya, amma sauran yinin aiki ne.

Wata tsohuwar madam da ta yi shekaru tana koyarwa a makarantun gwamnati ta ce kowa ya fito da takardar shirin darasinsa. Ni ban taɓa rubuta ko ɗaya ba. Ta zaunar da mu: me kake so yaro ya iya kafin a tashi? Da me za ka nuna masa? Ta yaya za ka gane ya iya? Tambaya uku, amma sun kwance mini kai. Sannan ta nuna mana aikin ƙaramin allo yadda ake yinsa, wanda a littattafan koyarwa ake kira tsarin La Martinière: ka yi tambaya, yara su yi tunani, ka buga tebur su rubuta, ka sake bugawa kowa ya ɗaga allonsa. Cikin ƙiftawar ido ka ga wanda ya gane da wanda ya ɓace, ko da su saba'in ne. Ni da allunan nan ke ajina shekara uku, kwafe kawai ake yi da su.

Wani kuma ya shigo da damin karan gero. Ya kakkarya, ya ɗaure goma-goma da zare, ya ce ga gomomi, ga ɗaiɗai. Ya yi mana 32 a cire 17: ya kwance ɗauri guda a gabanmu, sai ga "aro" da na shekara ina sa yara haddacewa ya fito fili. Wani malami kusa da ni ya yi dariya ya ce, "Ashe abin a bayan ɗakina yake."

A kan karatu, an ce mu fara da sautin baƙi, yaro ya ji shi a kalmar da ya sani, ya haɗa shi da wasali, kafin a kai shi ga jimla. An ce kada mu ji kunyar yin bayani da Hausa. Aka tuna mana cewa tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a firamare. Yanzu ma da kundin 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki, malamin da bai iya rubuta Hausa daidai ba, da ƙugiyoyinta, yana da sauran aiki a gabansa.

Rana ta huɗu aka zo kan bulala. Nan aka yi gardama sosai. Wasu suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Madam ɗin nan ta ce: "To, wanda ya tanƙwara ya karya fa? Yaron da ke kallon hannunka, yaushe zai kalli allo?" Ta sa kowa ya tuna yaro ɗaya da ya daina zuwa lakwal bayan an doke shi. Ni na tuna uku.

Har maganar ajin zana an yi. Duk wanda ke jihar nan bai manta ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, da gobara ta cinye azuzuwan zana a Maradi, yara fiye da ashirin suka rasu, bayan irin ta da aka yi a Yamai a watan Afrilu na shekarar. An koya mana barin ƙofa biyu, da hana wuta kusa da aji, da gwada wa yara yadda za su fita a guje ba tare da tattake juna ba.

Da na koma, ban zama gwani dare ɗaya ba. Sati biyu na farko ajin ya rikice, har na kusa ɗauko tsumagiyata. Amma na raba su kashi uku bisa abin da kowa ya iya, na mai da ɗiyar mai shayi da ire-irenta kan baƙaƙe, muna ƙara rabin awa bayan an tashi. Kafin hutun Maris ta karanta mini rubutun da ke jikin buhun shinkafa, wanda ba ta taɓa gani a littafi ba. Ubanta ya aiko mini da shayi kauri har gida, ya ce kada in kuskura in biya.

Abin da ya sa na rubuta wannan duka shi ne zaman da muka yi kwanan baya. An samu ɗan taimako daga 'yan uwa na waje, kwamitin makaranta ya zauna. Kusan kowa ya ce a yi katanga da ƙofar ƙarfe, a shafa fenti. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ga abin da ya faru da majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015 ba zai raina katanga ba, kuma masu ba da taimako sun fi son abin da za a ɗauka hoto. Da na ce a ware wani kaso don tura malamai huɗu horo, wani dattijo ya ce: "Ɗana, mu horar da su, gobe gwamnati ko wata ƙungiya ta ɗauke su. Katanga kuwa ba ta tafiya ko'ina."

Na ce: "Baba, gaskiya ne, wasu za su tafi. Amma wanda ya tafi, yaran ƙasar nan zai je ya koya wa. Wanda ba a horar ba kuwa, shi ne zai zauna mana shekara ashirin." Na ƙara da cewa abin da ya fi tsare makarantar nan shi ne iyayen unguwa da suka ga 'ya'yansu na karatu. An yi shiru, daga ƙarshe aka raba: katanga ta gefen hanya, malamai biyu su tafi. Ban samu duka ba, amma na gode.

Don haka ga roƙona. Ga shugabannin ikilisiyoyi: ku sa kuɗin horon malamai cikin kasafin shekara, kamar yadda kuke sa na alli da na gyaran rufi. Ku taimaki matasanku su shiga makarantar horar da malamai ta Bawa Jangwarzo a Maradi, ko da da sharaɗin su dawo su yi muku wasu shekaru. Ku kuma biya albashi kan lokaci, don sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga masu shirya taruka: ku duba kalandar manomi. Yawancinmu da gona muke cika albashi, taron da ya faɗo tsakiyar noma ko girbi rabinmu ba za su zo ba. Kuma kada komai ya ƙare a Maradi da Yamai. Malamin da ke Kanambakashe ko Urafan ko Maijirgi, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi. Ku kawo taron Tasawa wata shekara, wata shekara Mayahi. Bayan taro a samu mai zagayawa ya zauna a bayan aji ya ga ko ana aiki da abin da aka koya, don takardar shaida a bango ba ta koya wa kowa karatu.

Ga 'yan uwana malamai: zaman CAPED da ake tara malaman yanki ba na 'yan gwamnati kaɗai ba ne a wurina, duk lokacin da aka kira mu, mu je. Wanda ya je taro ya dawo, ya tara sauran ranar Asabar ya zazzage musu. Ni yanzu muna zama da wani abokina da ke koyarwa a makarantar Faransanci da Larabci, ya nuna mini dabararsa ta rubutu, in nuna masa ta karan gero. Ba mu taɓa gardamar addini a kan wannan ba.

Ga iyaye kuma, Musulmi da Kirista: ku yi abin da mai shayi ya yi. Ku ɗauko takardar da yaro bai taɓa gani ba, ku ce ya karanta. In ya kasa, kada ku doke shi, ku zo ku same mu. Ku tambayi direkta yaushe rabon malamin ɗanku da zuwa horo. Haƙƙinku ne, kuɗinku ne.

Wanda ke da irin wannan labari daga garinsu, ya faɗa mana mu ƙaru. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.