Sunan da Auta ya goge

A unguwar Birni, cikin garin Damagaram, akwai wani yaro ɗan lakwal. Shi ne ƙarami a gidansu, don haka kowa Auta yake ce masa. Kakansa baduku ne. Ya tsufa, idonsa ya rage gani, ya bar ɗinkin fata. Amma bakinsa bai tsufa ba. In aka gama sallar lisha, sai a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, jikoki su kewaye shi, ya yi ta ba su labarin mutanen da.

Labarin da ya fi so shi ne na Sarki Tanimun, wanda ya zauna bisa gadon sarauta daga 1851 har 1884. Shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. Kaka yakan faɗi yadda ayarin raƙuma ke tasowa daga Tarabulus, su biyo ta Agadas, su sauka a Zango kafin su wuce Kano. Yakan faɗi yaƙin Tirmini na 1899, inda Faransawa suka ci Sarki Amadu Kuran Daga da yaƙi. Akwai kuma abin da ba ya cikin kowane littafi: sunayen iyayen gidansu, da kirarin dukawa, da yadda kakansa yake jeme fata da bagaruwa.

A shekarar 2020 aka rufe makarantu saboda ciwon korona. Yayan Auta yana da wata ƙaramar kwamfuta. Kowane dare sai ya ajiye ta kusa da tabarmar Kaka, tana ɗaukar muryarsa. Kaka yakan yi dariya ya ce: «Akwatin nan naku ya fi ku hankali. Shi ba ya gyangyaɗi in ina magana.» Haka suka yi har dare 20. A shekarar 2021 Kaka ya rasu. Mutanen gida suka ce, to, ko ba komai muryarsa tana nan.

Da yayan zai tafi jami'a a Yamai, sai ya bar wa Auta kwamfutar. Ita kwamfuta kamar gida ce mai ɗakuna. Kowane mai aiki da ita yana da sunansa a ƙofar ɗakinsa, yana da mabuɗinsa. Sunan nan da mabuɗin su ake kira asusu. Duk abin da mutum ya ajiye, cikin ɗakinsa yake zama. Yayan ya buɗe wa Auta nasa ɗaki, ya kuma ba shi babban mabuɗi mai iko da gidan duka.

Wata rana kwamfuta ta ce ta cika. Ga shi abokan Auta sun kawo masa wasan ƙwallo, suna so su kalla. Ɗaya daga cikinsu ya ce: «Yayanka ai ba ya nan. Goge sunansa mana, ka sami wuri.» Auta ya ga maganar ta yi daidai. Ya taɓa sunan. Sai wata tambaya ta fito da Faransanci: a bar kayan mai sunan nan, ko a goge su tare da shi? Auta ya iya karatun Faransanci, amma bai tsaya ya karanta ba. Abokai suna jira. Ya danna, suna ya ɓace, wuri ya samu. Sati biyu yana ta zuba wasanni da waƙoƙi a ciki.

Ran nan goggonsa ta zo daga Mirriya. Bayan an ci tuwo ta ce: «Auta, kunna mini muryar babana in ji.» Auta ya buɗe kwamfuta. Ya duba nan, ya duba can, babu. Sai ya tuna da tambayar nan da bai karanta ba. Cikinsa ya ɗuri ruwa. Ya so ya ce kwamfuta ce ta lalace, amma ya kasa. Ya sunkuyar da kai ya ce: «Goggo, ni na goge.»

Babansa bai doke shi ba. Ya kira yayan ta waya, ya tambaye shi ko ya ajiye muryar a wani wuri dabam. Yayan ya yi shiru, sannan ya ce: «Baba, na bari sai na zo hutu in kwafe.» Goggo ba ta ce komai ba. Ta ja bakin mayafinta ta share ido. Wannan ya fi wa Auta bulala zafi.

Washegari suka kai kwamfutar wajen wani mai gyara kusa da kasuwar Dole. Ya ce da Auta: «Ɗana, ka san allon makarantar malam? In an wanke shi, tawada takan bar alama. Mai ido yana iya karanta abin da aka wanke. Amma in an sake rubutu a kai, shi ke nan. Da ranar da ka goge ka rufe ta ka kawo mini, da mun sami da yawa. Yanzu ƙwallonka ya hau kan maganar kakanka.» Ya yi aiki kwana biyu. Abin da ya samo hoto 3 ne, da guntuwar murya wadda ba ta kai minti ɗaya ba.

Da suka je karɓa, mai gyara ya ƙara masa da cewa haka asusu yake a ko'ina, har a intanet. Wanda ya ce a goge asusunsa na Facebook, ana ba shi kwana 30 ya sake shawara, bayan nan hotuna da rubutunsa sun tafi. Kamfanin Google kuma ya sa doka cewa daga Disamba 2023 yana iya goge asusun da aka shekara biyu ba a buɗe ba, tare da wasiƙu da hotunan da ke ciki.

Auta ya koma gida yana cewa shi suna kawai ya goge. Innarsa ta nuna masa ragayar da ke rataye a ɗakinta, da ƙwaryar nono a ciki. Ta ce: «In ka yanke igiyar nan, igiya kawai ka yanke. Amma ina ƙwaryar za ta tsaya? Kafin ka yanke, duba abin da ke rataye.»

A lakwal, mushe ya lura Auta ba ya wasa. Da ya ji abin da ya faru, sai ya ɗauko wani littafin Faransanci. Ya ce André Salifou ne ya rubuta shi a kan tarihin Damagaram, ya fito a 1971, kuma da sunansa ake kiran jami'ar garin nan. Ya ce: «Ka ga, a 1906 Faransawa sun tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa, sai a 1923 aka sake naɗa ɗan gidan sarauta. A 1926 kuma suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka kai Yamai. Amma labarin Damagaram bai ɓace ba, don ba a ragaya ɗaya aka rataye shi ba. Yana bakin maroƙa, yana takardun malamai, yana kan tsofaffi. Kakanka ku kaɗai ya gaya wa labari?»

Auta ya ce a'a. Ya sayi kaye sabo. Ya fara da goggo kafin ta koma Mirriya, ta faɗa masa sunayen iyayen gidansu har kaka na huɗu. Babansa ya tuna rabin kirarin dukawa. Wani tsoho, abokin Kaka a rumfar dukawa, ya cika masa sauran, ya kuma nuna masa yadda ake daka bagaruwa. Shekarun sarakuna kuwa cikin littafin mushe ya same su. Ya rubuta kome da Hausa. Da hutu ya zo, shi da yayansa suka ɗauki hoton kowane shafi. Suka ajiye a kwamfuta, suka ajiye a wayar Baba, suka aika wa goggo. Kayen kuma yana cikin akwatin Inna.

Ba duka aka samo ba. Akwai labarun da Kaka kaɗai ya sani, sun bi shi. Dariyarsa ma ba ta shiga kaye. Guntuwar muryar nan ita ce ta rage. A cikinta Kaka ya yi tari, ya gyara murya, ya ce: «Auta, matso kusa, kada ka yi barci.» Nan ta yanke.

Yanzu in tambaya ta fito a kwamfuta, Auta yakan karanta ta har ƙarshe. In bai gane ba, ya tambayi babba. Abokansa sukan ce ya cika nawa. Shi kuwa yakan ce musu sauri ya haifi nawa.

Tambayoyi

1. Mene ne asusu a cikin kwamfuta?
2. Don me mai gyara ya kasa samo muryar Kaka duka?
3. Me Inna take nufi da maganar ragaya?
4. Wane tsoho ne a gidanku ya san labarin da? Ku tambaye shi, ku rubuta abin da ya faɗa muku.