Daren da na ari muryar da ba tawa ba

Mutane da dama sun tambaye ni dalilin da ya sa mataimakina ne ya karanta bayanin taronmu na watan jiya, alhali ina zaune kusa da shi ban ce uffan ba. Wasu ma sun zaci rigima ce ta shiga tsakanina da shugabanni. Babu wata rigima. Muryata ce ta ɗauke, kuma ni na jawo wa kaina.

Kamar yadda muka saba duk watan Rabi'ul Awwal a nan Sabo, Ibadan, muna zaman karatun Ishiriniya ta Alfazazi bayan sallar isha'i. Matashin da yake ja mana baiti Allah ya ba shi siririyar murya mai tashi sama. A dare na bakwai tafiya ta kama shi, sai aka miƙo mini makirufo. Ni kuwa muryata mai kauri ce tun ina saurayi. Maimakon in ja da tawa, sai na ɗauko daga inda yaron yake ɗaukowa, don kada a ce yau karatu bai yi armashi ba. Ga ƙarar janareta, ga lasifika tana yankewa, sai na ƙara da ƙarfi.

Ban yi rabin awa ba na ji jijiyoyin wuyana sun ɗaure. Kaina ya soma sarawa, yatsuna suna wani irin tsiko, fitilu suna juya mini. Na ji tashin zuciya kamar zan yi amai. Wani dattijo da ke gefena ya taɓa ni ya ce, "Sakatare, sauko da ita mana, za mu bi ka." Na ji shi sarai, amma kunya ta hana ni. Haka na kai ƙarshen harafin da muke kai, ina dafe da bango. Da gari ya waye na buɗe baki zan amsa gaisuwar uwargida, iska kawai ta fito.

Kwana uku ina fama da zuma da citta da kanumfari, ina magana da raɗa. A kasuwa kuwa abokin ciniki ya bugo waya daga Kano, ya kasa jin abin da nake faɗa, cinikin ya wuce ni. A rana ta huɗu na tafi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Abin da ya bayyana mini shi ne dalilin wannan rubutu.

A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu, tsawonsu a wurin babban namiji bai wuce santimita 2 da rabi ba. Iskar da ke fitowa daga huhu ita ke kaɗa su, sauti ya fito. Idan namiji yana magana suna kaɗawa kamar sau 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuwa wajen sau 200, domin nata sun fi gajarta da sirantaka. Duk lokacin da aka ɗaga murya sama, sai an ja su sun miƙe kamar tsirkiyar garaya. Kowa da iyakar inda nasa suke kaiwa. Idan mutum ya nemi wuce wannan iyaka da ƙarfin tsiya, naman wuya da na haɓa su ke shiga aikin da ba nasu ba, tantanin kuma su riƙa bugun juna har su kumbura. Disashewar murya ke nan.

Jirin ma yana da dalili. Mai yunƙurin kai murya sama yana matse ƙirji kamar mai ɗaga buhun goro, wannan kuwa yana rage jinin da ke komawa zuciya na ɗan lokaci. Sannan yana zuƙar numfashi da sauri tsakanin baiti da baiti, iskar kabon da ke cikin jini ta ragu fiye da kima, sai a ji jiri da tsikon yatsu.

Ya kuma gyara mini kuskure biyu. Na farko, raɗa ba hutu ba ce, tana iya ƙara wahalar da maƙogwaro. Gara a yi shiru ko a yi magana kaɗan a hankali. Na biyu, zuma da shayi suna sanyaya maƙoshi, amma hanyar abinci suke bi, ba sa taɓa tantanin murya. Abin da ke taimakawa shi ne hutu, yawan shan ruwa, sirace da ruwan zafi, da daina yawan gyaran murya. Ya ce duk wanda disashewa ta wuce masa mako 3, ko ya ga jini, ko numfashi ko haɗiya suka yi masa wuya, kada ya zauna gida.

Sai da na yi kwana 12 kafin muryata ta dawo daidai. A cikin kwanakin nan na yi ta tunanin yaranmu na Islamiyya. Sau nawa muke tsayar da yaron da muryarsa ta fara buɗewa, mu ce sai ya rera kamar yadda yake yi bara, muna cewa "ɗaga murya"? Shi ma tantaninsa sun ƙara tsawo, tsohuwar muryar ta tafi. Ina roƙon malamanmu su sauko wa irin waɗannan yara da karin, kuma ina roƙon kwamiti mu gyara lasifikar nan kafin walimar sauka.

Daren da na koma zama, na ja baiti da muryata mai kauri. Masu amshi suka sauko suka same ni, babu wanda ya tashi ya tafi. Dattijon nan ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ka gani ko? Zanen aro ba ya rufe katara."

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.