Daga Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekaru Ta Koma Ta Awoyi

Tsakanin Kano da Jidda, idan aka miƙe sosai ta sama, akwai nisan mil 2,100 da 'yan kai, watau kimanin kilomita 3,400. Jirgin sama yakan cinye wannan nisa cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Agogon Jidda kuwa yana gaba da na Kano da awa biyu, saboda haka wanda ya tashi da hantsi sai ya sauka da la'asar.

A zamanin da, wannan tafiya ba ƙaramin abu ba ce. Maniyyaci yakan yi sallama da danginsa kamar wanda ba zai komo ba, ya bi ayari ta Borno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya kai Hartum, daga nan ya gangara Sawakin ya shiga jirgin ruwa ya ƙetare Bahar Maliya. In guzuri ya ƙare, sai ya tsaya ya yi noma ko ƙodago, har ya tara abin ci gaba. Wasu sukan yi shekaru a hanya, wasu su rasu, wasu kuma su zauna ke nan. Zuriyarsu tana nan a Sudan, kamar a garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu.

A shekarar 1925 ne jiragen sama suka fara sauka a Kano, na sojan Ingila, waɗanda suka taso daga Masar suka biyo ta Sudan. Kusan hanyar alhazai suka bi, sai dai su yamma suka nufa. Sannu a hankali Kano ta zama babbar tashar jigilar alhazai.

Wanda ya sami kujera kusa da taga zai ga ƙasa tana sāke kama. Gonaki su ƙare, rairayin Chadi ya shimfiɗu, Kogin Nilu ya gifta kamar zare, sa'an nan duwatsun gabar teku su bayyana. Da an ƙetare Bahar Maliya sai Jidda, inda aka buɗe Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz a 1981, mai zangon alhazai da aka yi wa rufi kamar tantuna.

Amma hanyar sama ma tana bukatar zaman lafiya a ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan Nijeriya suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗinta ya ƙaru. Ƙasar da ta sauki kakanni da ƙafa, ita ce har yanzu a tsakanin jikokinsu da Makka. Allah ya ba ta lafiya, amin.